Sun sa min suna "kwamishinar bola" a ofis saboda na ce a dinga ware shara

Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a nan Kano, mu wajen 30 ne a ofis ɗin. Watan jiya aka tura ni wata bita ta kwana biyu a kan muhalli, na dawo da zafina na cire kuɗin aljihuna na sayo kwandunan shara guda uku, kore da shuɗi da baƙi, na manna musu rubutu, ɗaya na takarda ɗaya na roba ɗaya na sauran tarkace, sannan na rubuta dogon bayani a gurup ɗinmu na WhatsApp. Anti mutum biyu ne kacal suka tanka min. Yanzu kullum sai na tarar da ragowar shinkafa da miya a kwandon takarda, kuma an sa min suna kwamishinar bola, ina shigowa wani zai ce a miƙe kwamishina ta iso. Oga ya ce abu ne mai kyau amma babu kuɗinsa a kasafin bana. Abin da ya fi damuna shi ne Baba mai shara, dattijo ne da muke mutunci sosai, amma tun ranar da na faɗa a mitin cewa zan nemo kamfanin da zai dinga zuwa yana kwasar robobi da kwalaye ya daina sakar min fuska, in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa. Ni ban san me na yi masa ba. In kwashe kwandunana in kai gida ne kawai ko akwai yadda zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki kwashe komai tukuna, zauna mu yi magana, kuma da maganar Baba zan fara duk da ke a ƙarshe kika sako ta, don a nan gizo yake saƙar.

Kin ce ba ki san me kika yi masa ba. Toh ni na sani, kuma ina jin ke ma in kika nutsu za ki gano. Tambayi kanki, kafin ki je bitar nan, gorunan ruwa da na lemo da ake sha a mitin ina suke zuwa? Kwalin da ake kawo takardar firinta a ciki, da kwalin sabuwar kwamfuta, da tsofaffin jaridun ofishin oga, kin taɓa ganinsu zube a bola? Ba ki taɓa gani ba, kuma ba aljanu ke kwashewa ba. Akwai wani buhu a bayan ɗakin janareto ko ƙarƙashin bene ko a ɗakin maigadi, je ki duba gobe in ba ki same shi ba ki dawo ki ce Anti ta yi ƙarya. Baba ne ke tarawa, ƙarshen sati ko ƙarshen wata mai kura ya zo ya auna ya ba shi ɗan abin da ya samu, ko ya ƙulla a bayan kekensa ya kai wa masu zoɓo da kunun aya na unguwarsu. Wannan kuɗin a idonki ba komai ba ne, amma ga mutumin da kin san nawa ake biyansa a wata, shi ne kuɗin cefanen kwana biyu ko kuɗin makarantar allo na jikoki. Sai ga ki kin miƙe a gaban oga da kowa da kowa kin ce za ki kawo kamfani ya dinga kwashewa. Ai ƙasa kika zuba masa a garin tuwo ƙanwata, kuma ba zai iya buɗe baki ya ce a'a ba, don yana tsoron kar a ce dama ashe kayan ofis yake sayarwa ba da izini ba. Shi ya sa ya yi shiru ya ɗaure fuska.

Abin da masu shirya irin wannan bitar ba sa faɗa muku kenan, suna zuwa da hotunan Jamus da Japan da kwanduna kala kala sai mutum ya fito yana ganin kamar mu ba mu san komai ba a harkar sake sarrafa shara. Alhali 'yan jari bola da 'yan gwangwan sun fi shekara nawa suna wannan aikin ba tare da an ba su satifiket ba. Gwangwanin lemo na alminiyon maƙera ke narka shi su zuba tukwane da ludaya. Fasassun bokitai da kujerun roba ana niƙa su a koma da su kamfanonin roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai su dawo kasuwa a matsayin buta da baho. Tsohon kwali da takarda su ake jiƙawa a yi kiret ɗin ƙwai. Ki je Panteka a Kaduna ki ga abin da ake fitarwa daga ƙarfen da wani ya yar. Wato ofishinku ya daɗe yana yin abin da kike kira risaikilin, kawai dai shugaban shirin ba ya zuwa mitin ne, tsintsiya ce a hannunsa.

Don haka abu na farko, ranar Litinin ki yi sammako ki riga kowa zuwa, ki same shi shi kaɗai ba a gaban mutane ba, ki gaishe shi yadda ake gaida uba, ki ce Baba na yi kuskure na yi magana ban shawarce ka ba ka yafe min, maganar kamfani na janye ta, duk abin da aka tara naka ne kamar yadda aka saba, ni so nake in sa a dinga ware maka shi da tsafta ba sai ka sa hannu cikin miya da majina kana tsinta ba. Sannan ki tambaye shi me da me ake saya, wa ke saya, yaya suke so a kawo musu. Ki yi shiru ki saurara, wallahi abin da zai koya miki a minti goma ya fi na kwana biyun da kika yi a otal. Da ɗan gari akan ci gari. In masu sharar sun fi ɗaya, ko maigadi da masinja su ma suna da kaso a ciki, ki bar su su sasanta a tsakaninsu, kar ki zama alƙaliyar rabon kuɗin gora, ba za ki fita da mutuncinki ba. Abin da za ki yi musu shi ne ki sa oga ya furta da bakinsa cewa an yarda su ɗauka, shikenan abin ya tashi daga ɓoye ya koma halak ɗinsu.

Bari in ba ki misali ɗaya na abin da zai faɗa miki. Na tabbata a bitar an ce ku dinga murƙushe gora kafin ku jefa a kwando don kar ta ci waje. Toh a wurin Baba murƙusasshiyar gora asara ce, saboda kasuwa biyu ce. Gora mai lafiya da murfinta ƙirga ta ake yi a sayar wa masu zoɓo da kunu da fura da masu man gyaɗa, ta fi daraja nesa ba kusa ba. Wadda ta lotse ko ta fashe ita ce ake haɗawa a buhu a ɗora a sikeli a saya a kilo, kuma gora ba ta da nauyi, sai kin cika ƙaton buhu kafin ki ga wani abin kirki. Kinga da kin rubuta a bango "a murƙushe gora" da kin ƙara masa wani ciwon. Abin da ya kamata ki roƙi mutane shi ne su zubar da ragowar ruwan, su mayar da murfin, su ajiye. In kin juya gindin gora za ki ga lamba 1 cikin 'yar alama mai kusurwa uku, jarka da galan yawanci 2, bokiti da kujera yawanci 5, masu saye ba sa son a cakuɗa su don ba tare ake narka su ba. Ledar fiya wata ma ana saya amma sai busasshiya, in aka tara ta da ruwa a ciki wari take yi kuma mai saye zai rage kuɗi. Kwali da takarda kuwa babban maƙiyinsu ruwa da maiƙo, takardar da miya ta taɓa ta tashi daga aiki.

Wannan ya kawo mu kan shinkafar da kike tararwa a kwandon takarda. Kar ki ɗauka duk mugunta ce, wani tsokana ce eh, amma yawanci lalaci ne da kuma inda kika ajiye kwandunan. Na tabbata kin jera su ukun ne reras a waje ɗaya a baranda don su yi kyau a hoto. Mutum ya gama cin abinci a teburinsa da robar tekawe a hannu ana kiransa a waya, ba zai tsaya karanta rubutunki ba, wanda ya fi kusa da shi zai jefa. Raba su. Na takarda ya koma gefen firinta da injin fotokofi inda takarda ke mutuwa, kuma ba sai kwando ba, kwalin da takardar ta zo a ciki ya isa, ki yanka masa siririn baki a murfi yadda takarda ce kaɗai za ta shiga, robar tekawe ba za ta wuce ba ko mutum ya so. Na gora ya koma inda ake cin abinci da ɗakin mitin da bakin masallacin ofis. Na ragowar abinci ya zama mai murfi kuma shi ne mafi kusa da hannu. Rubutun kuma in da Turanci kika yi ki ƙara da Hausa, ko ma ki bar rubutun ki ɗaure gora guda ɗaya a jikin kwandon da zare, kowa ya gani ya gane, har baƙon da ya shigo yau. Kuma ni da za ki ji tawa da abu biyu kawai za ki fara, gora da takarda, in sun zauna wata biyu sai ki ƙaro leda.

Yanzu takarda, a nan zan ɗan daɗe don ita ce ta fi hatsari kuma ita ce makaminki a wurin oga. Wata rana na sayi tsire da daddare, na zo gida na buɗe, takardar da aka naɗe min shi ashe jerin albashin ma'aikatan wani wuri ne, sunaye da lambar asusun banki da abin da kowa ke ɗauka da wanda ake cirewa bashi, duk ga su nan maiƙo ya jiƙa. Ban san mutanen ba amma sai da na ji kunya ta kama ni a madadinsu. Haka takardun ofis ke fita, a tara a sayar wa mai ƙosai da mai awara da mai gyaɗa, ba wanda ya duba me ke jiki. Tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane, kuma akwai hukuma a kanta, kamfanin da ya bari bayanan kwastomominsa ko ma'aikatansa suka yi yawo a titi zai iya shiga matsala, ban da zubewar mutunci in kwastoma ya ga fotokofin katinsa na ɗan ƙasa a hannun mai awara a ƙofar ofishinku. Saboda haka takarda kashi biyu za ki yi. Duk mai ɗauke da suna, lambar waya, lambar asusu, hoto, sa hannu, kwantiragi, wannan ba ta shiga kwalin Baba sai an yayyanka ta, in akwai injin yanka takarda a yi da shi, in babu a yayyaga ta ƙanana. Sauran kuwa, wadda aka buga gefe ɗaya aka yi kuskure, a juya bayanta a sake bugawa ko a yanka biyu a dinga rubuta saƙo, in ta gama amfani ta tafi kwali. Kuma tsakanina da ke naɗe abinci mai zafi da takardar da tawadar firinta ke jiki ba abin so ba ne, in Baba zai samu masu sayenta a kilo don kai wa kamfani ya fi a kai wa mai ƙosai.

Shi oga da ya ce babu kasafi, gaskiyarsa, ke ce kika je masa da maganar da ba ta cikin lissafinsa. Oga ba ya jin yaren ceton duniya, yaren akanta yake ji. Je ki wurin mai kula da sito ki tambayi rim nawa na takarda kuke ci a wata, kowane rim takarda 500 ne, ki tambayi nawa ake sayensa yanzu, sai ki lissafa in aka saita firinta ta dinga buga gaba da baya kuma aka daina buga abin da za a iya turawa ta imel ko WhatsApp nawa za a rage. Haka ruwa. Ku 30 ne, mu ƙaddara kowa yana shan fiya wata huɗu a yini lokacin zafi, 120 kenan, jaka shida tunda 20 ne a jaka, a kwanakin aiki 22 kin tashi da leda 2,640 a wata ɗaya daga ofis ɗaya. Kwatanta kuɗin da na babbar gorar nan ta injin ruwa da ake canzawa in ta ƙare, kowa ya zo da kofinsa ko gorarsa. Ki rubuta a takarda ɗaya tak, kar ta wuce shafi, ki haɗa da maganar takardun sirri, ki kai masa lokacin da yake cikin nishaɗi ba ranar biyan albashi ba. Ki gaya masa ba kuɗi kike nema ba, abu biyu kike so, ya faɗa da bakinsa a mitin cewa tsarin ofis ne ba naki ba, kuma shi ma a ga kwalin takarda a ofishinsa. In kina so ki ƙara masa da cewa iskar ta can take kaɗawa, Legas ta hana farar robar tekawe mai kamar soso tun Janairun 2024, kuma a Yunin shekarar gwamnatin tarayya ta amince a daina amfani da robobin sha-ka-yar a ma'aikatunta. Ko ana bi ko ba a bi wannan wata maganar ce, amma dai gara ku saba da kanku kafin a zo a tilasta muku.

Abokan aikinki kuma dan Allah ki daina tura musu dogon rubutu a gurup, ba mai karantawa, ni kaina in na ga saƙo ya kai a danna "ci gaba" wucewa nake. Kuma kar ki kuskura ki ɗauki hoton kwando ki tura kina cewa waye ya yi wannan, ranar za ki tashi daga kwamishina ki koma 'yar sanda, kuma mutane sun fi son su ɓata abu da gangan a kan a ce an kama su. Yi musu maganar da suka sani. Kowa a cikinsu ya taɓa naɗe wando ya tsallaka ruwan kwata a watan Agusta saboda leda da gora sun toshe magudana, kowa ya san sauron da ke biyo baya, wanda ke kiwo ya san abin da mahauta ke cirowa daga tumbin akuya da saniya. Kowa ya san hayaƙin da ke tashi in maigadi ya cinna wa bola wuta a bayan katanga da yamma, hayaƙin roba kuma guba ne ga ƙirji musamman masu asma. Kuma in suka ji cewa gorar da suka ajiye da murfinta kai tsaye aljihun Baba take zuwa, za ki sha mamaki, mutumin da ba zai motsa don muhalli ba zai motsa don sadaka. Nemi mutum biyun nan da suka tanka miki, ki ƙara da wanda ya fi kowa tsokanar ki, shi ɗin dai mai cewa a miƙe, ki ce ranka ya daɗe kwamishina ta naɗa ka babban sakatare, kwalin ɓangarenku a hannunka yake. Sunan kuma ki karɓe shi hannu biyu, in suka ce kwamishina ki ce na'am, a kawo fayil. Suna in mai shi na dariya ba ya daɗewa yana ciwo.

Akwai kayan da ba na kwando ba ne kuma ba na Baba ba ne, ki sa ido a kansu. Batiran inbata da na sola da suka mutu yawanci dalma ce da asid a ciki, masu fasa su a lungu suna cutar da kansu da yaran unguwa, kuma mu nan arewa mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ta fito. A mayar wa dilan da ake sayen sabo a wurinsa, yawanci ma suna rage kuɗi in an ba su tsohon. Dogon ƙwan fitila irin na da kar a fasa shi, akwai sinadarin makuri mai guba a ciki. Kwalbar tawadar firinta ana sake cika ta. Tsohuwar kwamfuta kar ta fita sai mai kula da kwamfutocinku ya goge ko ya cire ma'ajiyar bayananta, kuma irin waɗannan kadarar kamfani ce, da takarda ake fitar da su da sa hannun oga, kar ki bari a ce wata rana kwamishina ce ta sayar. Sannan mai sayen da zai dinga shigowa ya zama mutum ɗaya sananne wanda Baba ya tsaya masa, a rana ɗaya sananniya, a bakin get a gaban maigadi. Kin san yadda ake kallon 'yan jari bola yanzu saboda ɓata-garin cikinsu masu cire wayar wuta da murfin kwalbati, har Borno ta hana sana'ar ƙarfen bola a 2023, Abuja ma ta hana su yawo a farkon 2025. Ranar da aka nemi wayar janareto aka rasa, ke za a fara kallo in ke kika buɗe ƙofa ga kowa.

Kuɗin kwandunan da kika kashe kuwa ki ɗauka kin yi sadaka, kar ki je kina neman a biya ki, kuma kar ki ƙara sayen komai da kuɗinki, buhun shinkafa da kwali sun isa. Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta buhu nawa aka fitar da rim nawa aka ci duk wata, bayan wata uku ki nuna wa oga a mitin cikin minti biyu ki zauna. Amma duk wannan sai bayan kin ga Baba. Ki tafi masa da goro ko ɗan sukari da ganyen shayi, kuma ki rubuto min ki faɗa min me ya ce da kika tambaye shi maganar murfin gora.